Kaneng Da Keke Marar Birki

Shafi na 27

Masu turo mini saƙo cewa in daina wahalar da Kaneng, na ji ku, sai dai ba ni na ɗora mata ba, haka abin ya zo mata. Wannan shafin na 'yan bayan Mama Martina ne. Ku daure ku kai ƙasa kafin ku wanke ta ko ku yanke mata hukunci.

*

Tasi ta ajiye ta a ƙofar gidansu na Beltsville da la'asar ɗin Asabar. Direban ya sauke mata ƙatuwar jakar da keken tserenta ke ciki, ya dubi bandejin da ke naɗe a gwiwarta ta dama, ya ce ko ya kai mata har ciki.

"Bar shi, na gode."

Ta jira har motar ta sha kwana, sannan ta saɓa jakar a kafaɗa ta hau matakala babu ɗingishi. Tun daga Turai take ɗingishin nan. Ta yi shi a gaban 'yan ƙungiyarsu, ta yi shi a filin jirgi, har wata ma'aikaciyar jirgi ta kawo mata matashi don ta ɗora ƙafar. Ta gaji da shi.

A lissafin kowa, yau ne Kaneng Choji za ta hau fili a gasar ƙasa da ƙasa, karo na farko da ta fita waje da rigar Amurka a jikinta. Ita ce yarinyar nan 'yar Vom ta wajen Jos da ta shigo ƙasar nan tana 'yar firamare, ta girma ta zama wadda ba a son haɗuwa da ita a tseren gajeren zango. Baɗi kuma za a bar mata su yi irin wannan tseren a gasar Olamfik ta Seoul, abin da ba a taɓa yi ba, kuma kowa na cewa da wuya a tafi babu ita.

Sai ga ta a ƙofar gida da makulli a hannu.

Ƙamshin gwate ne ya fara tarbar ta. Kaset ɗin waƙoƙin zumunta mata na tashi a hankali daga kicin. Ta jingine jakar a falo, kusa da kabad ɗin gilashi inda mahaifiyarta ta jera kofunanta da lambobinta, ta wuce ba ta kalle su ba.

"Mama."

Martina ta juyo da ludayi a hannu.

"Kaneng? Yesu mai ceto. Me ya dawo da ke? Ba yau ne za ki..."

Idonta ya sauka a kan gwiwar. Nas ce da ta daɗe a aiki, jikinta ya riga bakinta. Ta ajiye ludayin, ta jawo kujera.

"Faɗuwa kika yi? Zauna in gani. Wa ya naɗa miki wannan? Ko ɗalibi ba zai yi wannan naɗin ba."

"Kwance ki gani."

Martina ta durƙusa tana warwarewa. Bandejin ya taru a ƙasa. Gwiwar lafiya lau, babu kumburi, babu ƙujewa, sai tsohon tabon da ta samu tun shekarun baya.

Ta danna gefe. "Nan?"

"A'a."

"Nan fa?"

"Babu inda ke yi mini ciwo, Mama."

Hannun Martina ya tsaya cak a kan gwiwar. Kanta na ƙasa. Kaneng ta zuba wa ɗankwalinta ido tana jiran tambayar da kowace uwa za ta yi. Tambayar ba ta zo ba.

Duk tsawon tafiyar jirgin tana roƙon Allah ya sa mahaifiyarta ta rikice, ta yi faɗa, ta ce waɗanne marasa hankali ne suka naɗe ƙafa mai lafiya. Wannan shirun ya gama ba ta amsa tun ba ta fara magana ba.

"Ba ki tambaye ni dalili ba."

"Kin sha hanya. Bari in zuba miki abinci."

"Zauna, Mama."

Ba ta taɓa yi mata magana da wannan muryar ba. Martina ta miƙa hannu ta kashe kaset, ta kashe murhu, ta zauna a bakin kujera.

Kaneng ta ciro wata 'yar kwalba daga aljihun rigarta ta ajiye a tsakiyar tebur. Kwalbar bitamin ce, wadda Martina ke cika mata duk wata tun tana sakandare.

"Da muka sauka, aka ce duk macen da ba ta taɓa shiga gasar waje ba sai an yi mata gwaji. Gwajin tabbatar da cewa mace ce. Muna layi muna dariya. Wata mata ta goga mini ɗan tsinke a cikin kumatu, shi ke nan. Har na ce wa ta bayana da sun tambayi saurayina Alex da ya hutar da su."

Martina ta zuba wa kwalbar ido.

"Washegari ina ɗumama jiki a fili aka ce likitan ƙungiya na nemana. Na same shi da shugaban tawaga, sun rufe ƙofa. Ya tambaye ni yaushe rabona da ganin al'ada. Na ce ban taɓa gani ba, mamana nas ce, ta ce yawan motsa jiki ne ke hana 'yan wasa. Ya tambaye ni tabon da ke marata. Na ce ƙari aka cire mini ina 'yar shekara sha biyar. Ya ce ina shan wani magani? Na ba shi wannan."

Ta tura kwalbar da yatsa.

"Ya zuba ƙwaya ɗaya a tafin hannunsa, ya juya ta. Bai ko duba littafi ba. Ya ce mini wannan ba bitamin ba ne."

"Kaneng..."

"Ban gama ba. Ya ce ƙwayar halittar da ke jikina irin ta maza ce. Ya ce jikina bai taɓa amsa ta ba tun ina ciki, shi ya sa na fito mace, na tashi mace. Amma ba ni da mahaifa. Ba cirewa aka yi ba, Mama. Ba a halicce ni da ita ba."

Ta ɗago ta dubi mahaifiyarta.

"Dariya na yi masa. Na ce kun haɗa nawa da na wani. Na ce a kira Amurka a tambayi uwata. Ya ce mini, cikin tausayi ma ya faɗa, ya ce yana jin uwata ta fi shi sanin maganar."

Hawaye ya gangaro wa Martina. Ba ta share ba.

"Ke mace ce. Ni na haife ki. Ni na yi miki wankan farko a Vom da hannuna. Babu wani bature da tsinkensa da zai gaya mini abin da na haifa."

"Na san ni mace ce. Ba ita na tambaye ki ba. Kin sani ko ba ki sani ba?"

Martina ta mayar da idonta ƙasa.

"Mama."

"Na sani."

Ko da yake ta riga ta gane, jin kalmar ya sa ta dafe tebur. Ta ji kamar lokacin da tayar gaba ta taɓa zame mata a saman gangaren fili, keken tsere kuwa ba shi da birki, mutum yana ganin ƙasa na tahowa babu abin da zai kama.

"Tun yaushe?"

"Tun aikin nan da aka yi miki. Da kika kai sha biyar shiru, na kai ki asibiti. Likitan ya kira mu gefe ni da babanki. Ya ce abin da ke mararki sai an cire, in an bari zai iya zama cuta. Ya ce za ki riƙa shan magani har ƙarshen rayuwarki. Sannan ya ce kada mu kuskura mu gaya miki. Ya ce ya ga yaran da aka gaya wa suka rasa hankalinsu, ya ga wadda ta kashe kanta. Ina tsaye da rigar aiki a jikina, Kaneng, amma a ranar ni ba nas ba ce. Duk abin da ya ce na ce to."

"Lokacin ina yarinya. Da na girma fa?"

"Kullum sai in ce gobe. In kin gama makaranta. In kin gama wannan gasar. Sai babanki ya rasu, na ce ba zan haɗa miki biyu ba."

"Kika gwammace in ji a bakin baƙo, a ƙasar da ban san kowa ba, da wandon tsere a jikina."

"Na yi azumi. Tun ranar da kika tashi ban sa komai a bakina da rana ba. Ina roƙon Ubangiji ya sa su manta da gwajin nan, ko ya rufe musu ido."

Kaneng ta ɗago a hankali.

"Kin san ana gwajin ke nan."

Martina ta kau da kai.

"Shekarar da aka fara zaɓena zuwa waje," in ji Kaneng, tana maganar tana haɗa abin a ranta, "saura kwana kaɗan mu tashi kika kwanta. Hawan jini. Kika riƙe hannuna kika ce in na tafi ba lallai in dawo in same ki ba. Na kira koci ina kuka na ce a ba wata gurbina."

"Jinina ya hau da gaske."

"Ya kai na kwanciya?"

"Bai kai ba."

Kaneng ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. Wadda aka ba gurbin nata ta dawo da lambar tagulla, yarinyar da Kaneng ta sha wucewa kamar tana tsaye. Ta kalli hotonta a mujallar keke, ta ce wa kanta ba komai, uwa ta fi lamba. Har alfahari ta yi da wannan zaɓin.

"Wannan karon me ya hana ki kwanciya?"

"Na ga ba za ki yarda ba. Kuma na ga yadda kika rame wancan karon." Ta jawo bakin zanenta ta goge fuska. "Ki dube ni, Kaneng. Kin san bakin mutanenmu. In maganar nan ta fita yau a Beltsville, gobe tana Largo nan kusa, kafin sati ta isa Jos. Sunan da za su laƙaba miki, gara a binne ni da in ji shi. Ni ba lambobinki nake karewa ba. Ke nake karewa."

"Lambobin ma sun ce za su karɓe."

"Su wa?"

"Shugaban tawaga ya ce zaɓi biyu ne. In naɗe gwiwa in ce na faɗi a wajen atisaye, in dawo gida, bayan 'yan watanni in ce ciwon ya ƙi warkewa na yi ritaya. Sunana ya zauna yadda yake, babu mai ji. Ko kuma in ja da su, magana ta kai jarida, a goge sunana daga duk abin da na taɓa ci. Likitan da kansa ya ce ya san abin nan bai ƙara mini ƙarfin komai ba, gumina ne. Amma ya ce doka ba ta san wannan ba."

Ta juya ta kalli ƙofar falo, inda gefen kabad ɗin ke leƙowa. Lambobin zinare guda biyu na gasar ƙasa. Kofin da ta fara ci a Pennsylvania, wanda hannunsa ɗaya ya karye a bayan mota. Hoton da aka ɗauke ta tana tsallake layi da baki buɗe, cinyoyinta kamar an sassaƙa. Babu ko ɗaya a ciki da ba ta san nawa ya ci mata na fata da numfashi ba.

"Da Baba na nan da bai bari aka yi mini haka ba."

Martina ta yi saurin cewa, "Babanki ya fi ni shan wahalar abin nan. Kada ki ga kamar shi bai ɗauka ba. Mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba, ranar ya kifa kai a sitiyari a gaban asibiti ya yi kuka kamar yaro. Ranar da aka sallame ki, ya ajiye mu a gida bai ko zauna ba, ya wuce shagon keke. Ya ce Martina, tunda yarinyar nan ba za ta goya ɗa ba, dole in nemo mata abin da zai zama nata, abin da zai cika mata rana har ta rasa lokacin tambaya."

Sai da maganar ta fita ta ga fuskar 'yarta, ta gane abin da ta yi.

Kaneng ta jingina da bayan kujera.

Jan keken nan. Ta tuna shi jingine a ƙofar ɗakinta, ɗinkin mararta bai gama warkewa ba. Baba ya zauna a bakin gadonta ya ce ya daɗe yana lura da ita in tana tsere da yaran unguwa, ya ce irin ƙafafunta ba a barin su a banza. Ta yarda. A kan wannan maganar ta gina komai. Duk Juma'a ya tashi daga ɗakin bincikensa na dabbobi, ya loda keke a tsohuwar motarsa mai dogon baya, su kama hanyar Pennsylvania zuwa filin tseren nan na siminti mai kama da ƙaton akushi. Shi ke riƙe mata sirdi a layin farawa. Kafin ya saki yakan sunkuyo ya ce mata da yarensu, tafi, ba wanda ya kai ki.

"Ashe gaisuwar mutuwa ce," ta ce a hankali. "Keken. Ta'aziyya ya yi mini ban sani ba."

"Da farko ne kawai. Ki saurare ni. Ranar da kika ci tserenki na farko ya dawo gidan nan yana rawar jiki, ya ce Martina, ba lallashi muke yi ba, baiwa ce Allah ya ajiye a yarinyar nan. Daga ranar bai ƙara..."

"Ya isa, Mama."

"Ya yi alfahari da ke har ya koma ga Ubangiji."

"Na ce ya isa."

Ta kifa kanta a kan tebur. Kukan da ta riƙe a ɗakin likita, ta riƙe a otal, ta riƙe a jirgi, ya zo mata gaba ɗaya, marar sauti, sai kafaɗunta da ke girgiza. Martina ta miƙo hannu za ta dafa bayanta, Kaneng ta janye jiki. Hannun ya tsaya a iska, ya koma cinyar mai shi.

Gwaten ya huce a tukunya.

Martina ce ta fara duban agogon bango, ta miƙe a firgice.

"Alexander na hanya. Ni na ce ya zo mu ci abinci mu jira wayarki tare, mu ji yadda tseren ya kasance."

Kaneng ta ɗago da jajayen idanu. Alexander Katung, ɗan Kagoro, injiniyan da ke zaune a Alexandria, wanda aka sa ranar aurensu a watan Kirsimeti. Tun da ta bar ɗakin likitan nan take ture tunaninsa gefe, don shi ne wanda ba za ta iya ɗauka ba.

"Gara da ya zo."

"Me za ki ce masa?"

"Gaskiya."

Martina ta zube a kan gwiwoyinta a tsakiyar kicin, ta kama ƙafafun 'yarta.

"Na roƙe ki da nonon da kika sha. Ki mayar da bandejin nan. Ki ce kin faɗi. A yi aure lafiya. Mata nawa ne suka yi aure Allah bai ba su haihuwa ba? Za a yi addu'a, a gaji, a haƙura. Babu mai tuhumar ki."

"Tashi, Mama."

"Shi kaɗai ne namiji a ɗakin uwarsa. In ya ji, ko shi ya yarda danginsa ba za su bari ba. Kin rasa keke, kada ki rasa shi a sati ɗaya."

"So kike in yi masa abin da kika yi mini."

Martina ta saki ƙafafun.

"In zauna ina kallon sa yana jira duk wata. Ya kai ni wajen fasto, ya kai ni wajen likita, ni kuwa na san amsar. In riƙa cika masa kwalba." Ta sunkuya ta kama ta ta ɗaga. "Tashi. Ba kyau ya same ki a ƙasa."

Ƙarar rufe ƙofar mota ta zo daga waje. Sai takun takalmi a matakala, sai ƙwanƙwasawa irin tasa, sau biyu a hankali.

Martina ta gyara ɗankwali, ta je ta buɗe.

"Mama, ina wuni." Ya rusuna, kwalin lemo a hannunsa. "Ya aiki? Waya ta shigo? Tun safe na kasa yin komai, sai duban agogo nake ina lissafin lokacinsu na can."

"Lafiya lau, ɗana. Shigo."

Ya ga jakar keken a falo ya tsaya. Ya ɗaga kai ya ga Kaneng a ƙofar kicin.

"Kaneng? Yaushe... me ya faru? An ɗage gasar ne?"

Ya nufo ta. Ta ɗaga hannu ta tsayar da shi.

"Tsaya daga nan, Alex. In ka matso ba zan iya faɗa ba."

Ya tsaya. Ya dubi Martina, ya dubi fuskar Kaneng da ta kumbura.

"An hana ni tsere. Sun yi mini gwaji sun ce halittata ba ta cika ƙa'idarsu ta mata ba. Wannan zan yi maka bayaninsa daga baya in kana son ji. Wanda ya shafe ka shi ne wannan." Ta ja numfashi. "Ba zan haihu ba. Ba wai zai yi wuya ba, ba wai sai an yi magani ba. Ba ni da mahaifa. Ban sani ba sai shekaranjiya, na rantse maka da Allah. Ba zan riƙe ka ba. In ka ce a fasa, ni zan gaya wa mutane cewa ni na fasa."

Ta gama ta damƙe bakin ƙofa, tana jiran ya ja da baya, ko ya ce ƙarya ne, ko ya zauna dirshan.

Alexander ya sunkuya ya ajiye kwalin lemon a ƙasa, a hankali kamar ƙwai ne a ciki. Da ya miƙe, babu mamaki a fuskarsa. Gajiya ce kawai.

"Na sani," ya ce.

Kaneng ta ɗauka kunnenta ne.

"Ka ce me?"

"Na sani, Kaneng."

Martina ta dafe bango. "Wa ya gaya maka? Ni ban taɓa..."

"Baba ne, Mama. A asibiti, kwana kaɗan kafin ya rasu. Ranar da ya aike ku gida ku ɗauko masa bargonsa ku biyu, ya ce ni in zauna."

"Choji," in ji Martina, kamar mijin na tsaye a gabanta. "Choji, ka fitar da maganar nan ba ka gaya mini ba."

"Ya ce ya ga da gaske nake," Alexander ya ci gaba, idonsa a kan Kaneng. "Ya ce ba zai tafi ya bar ni in shiga da ido rufe ba. In ba zan iya ba, in janye tun lokacin, kada in bari ki saba da ni sannan in gudu. In kuma zan iya, in ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki in yi alkawari ba zan bar ki ba, kuma ba za ki taɓa ji daga bakina ba."

"Ka ɗora."

"Na ɗora."

"Kai ka kai ni filin jirgi. Kai ka ɗaukar mini jaka."

"Ban san ana wani gwaji ba. Wannan kam ban sani ba. Da na sani da na kwanta a gaban motar."

Kaneng ta saki ƙofar ta tako zuwa tsakiyar falo. Ta dubi mahaifiyarta, ta dubi hoton mahaifinta a bango, ta dubi mutumin da za ta aura. Jikinta ne, ita ke ɗauke da shi, ita ta hore shi har ya zama abin da filaye ke miƙewa tsaye dominsa. Su uku sun san abin da ke cikinsa. Ita kaɗai aka bari a waje.

"Ranar da muka zauna a bakin kogin Potomac," ta ce, "ina lissafa maka sunayen yara. Na ce in namiji ne sunan Baba. Kai ka ce in mace ce Olive. Kai da bakinka."

Ya sunkuyar da kai.

"Kina murna ranar. Na rasa yadda zan yi."

"Na saya mata 'yan takalma, Alex. Suna cikin akwatina a sama."

Wani sauti ya kuɓuce wa Martina, ta toshe baki da zane.

Alexander ya matso taku ɗaya. "Ki yafe mini. Amma ki duba, ban tafi ba. Tun lokacin na sani kuma ga ni. Babu abin da ya canja a wajena. Ranar da aka sa tana nan. Uwata ni zan ji da ita."

"Tambaya ɗaya zan yi maka."

"Yi."

"Kada ka dubi Mama. Ni za ka duba."

Ya dube ta.

"Da Baba bai sa ka dafa Littafi ba. Da yau ka fara ji, a nan, daga bakina, babu mamacin da ka yi wa alkawari. Za ka aure ni?"

Alexander ya buɗe baki.

Duk sana'ar Kaneng a kan abu ɗaya ta tsaya. Ku biyu ne a fili, kuna tafiya a hankali kuna satar kallon juna, sai ka hango ɗan jinkirin da abokin karawarka ya yi, wanda 'yan kallo ba sa gani, ka san ya riga ya faɗi. Ba ta taɓa kuskure shi ba.

"Ƙwarai kuwa," ya ce. "Zan aure ki."

Amma ta riga ta ga jinkirin.